A ina zan koyi ginin tukwane da tangaran a Abuja?

Tambaya: Ina zaune a Kubwa, ina aikin ofis daga Litinin zuwa Juma'a. Na daɗe ina sha'awar koyon ginin tukwane da kofunan tangaran, amma ban san ta ina zan fara neman wurin koyo ba, kuma ko na samu ban san yadda zan gane na kirki ba. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa: Malama, ta fuskar wuri dai kin dace, domin duk faɗin Najeriya da wuya a sami yankin da ya kai kewayen Abuja arzikin magina tukwane. Sai dai kafin ki tashi neman makaranta, ki fara tsayar da abin da kike so ki koya, saboda a cikin tambayarki kin haɗa sana'o'i biyu ne, kuma ba lallai ki same su a gida ɗaya ba.

Akwai ginin gargajiya, na randa da tulu da tukunyar miya da kaskon turare. Da hannu ake yinsa, ba keke, wato faifan nan mai juyawa da ake ɗora yumɓu a kai ana gini. Ana murza yumɓu kamar igiya ana ɗorawa ana lailayewa, wasu kuma su kifa tsohuwar tukunya su shimfiɗa yumɓun a bayanta su fitar da gindi. In ya bushe a kai matoya, a jera, a lulluɓe da itace da ciyawa, a cinna wuta a fili. Zafin irin wannan wuta yakan tsaya ne tsakanin digiri 600 zuwa 800 a ma'aunin Salsiyos, don haka jikin tukunyar ba ya toshewa. Wannan ne dalilin da ya sa randa take tsattsafo tana sanyaya ruwa, shi ne kuma ya sa tukunyar ƙasa take zama a kan murhu ba ta fashe ba. Sannan akwai tangaran, na kofi da faranti da butar shayi masu ƙyalli. Shi galibi a kan keke ake gina shi, a gasa shi sau biyu a cikin tanderu, gashi na biyu yakan kai digiri 1200 zuwa 1300. Ba ya shan ruwa, yana wankuwa tas, amma in kika ɗora shi kai tsaye a kan risho zai tsage. Kowanne da aikinsa. In kofin shan shayi kike buri, matoyar ƙauye ba za ta ba ki shi ba. In kuwa randa kike so ki iya, zaman kan keken lantarki ɓata lokaci ne.

Inda waɗannan hanyoyi biyu suka haɗu a ƙasar nan shi ne Suleja, lokacin da garin yake amsa sunan Abuja. A farkon shekarun 1950 wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, ya kafa cibiyar horar da magina a can. A fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga tukwanen wata Bagwariya daga Kwali, wato Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Ta zo da gininta na hannu da zanenta na ƙadangare da kifi da kunama, ta koyi keke da shafa ruwan ƙyalli a kai, wato haɗin da ke narkewa a wuta ya ba tangaran sheƙi. Ita ce kike gani a bayan takardar naira ashirin tana gini. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, kuma cibiyar tana ɗauke da sunanta. Aikin cibiyar ya ja baya ƙwarai in aka kwatanta da wancan zamani, saboda haka ki je ta a matsayin wurin tambaya da ganin tarihi tukuna, ki ga da idonki abin da ke gudana kafin ki yi maganar kuɗi. Abin da ya sa na kawo wannan tarihi shi ne, yawancin ƙwararrun masu tangaran na Arewa ta tsakiya silsilarsu tana komawa can, ko dai sun koya a Suleja ko sun koya a hannun wanda ya koya a Suleja. Tambayar "a wurin wa ka koya?" tana da amsa mai ma'ana a wannan yanki.

Mafi kusa da ke shi ne Ushafa, a ƙaramar hukumar Bwari. Daga Kubwa ki bi ta Dutsen Alhaji kamar za ki Bwari, sai ki ratse wajen madatsar ruwa ta Usuma. Akwai cibiyar ginin tukwane a garin wadda aka kafa a farkon shekarun 1990 ƙarƙashin shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida, ita ce wadda shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a watan Agustan 2000. Matan Gbagyi, wato Gwari, su ne ƙashin bayan aikin, abin da zai yi wa mace daɗi in ta fi son koyo a hannun 'yan'uwanta mata. A Bwari kanta, kusa da Makarantar Horar da Lauyoyi, akwai gidan tangaran da aka sani da gini a keke da gashin itace. Ta ɓangaren hanyar Gwagwalada akwai Giri da Kwali, in kuma kika tsallaka jihar Neja akwai Tatiko a yankin Paiko, duk garuruwan magina ne na hannu. Wanda yake Kaduna ya tambayi Maraba da Jacaranda a wajen gari. Irin waɗannan wurare aikinsu yana tashi yana kwantawa gwargwadon kasuwa da damina da kuɗin gas, don haka a nemi wanda ya je kwanan nan, ko a kira kafin a ɗauki hanya.

Hanyar da ta fi kowace saurin kai mutum ga magini a kowane birni ita ce bin sawun kaya. Ki tsaya wurin masu sayar da shuke-shuke da tukwanen furanni a bakin titi, ko rumfar masu tukwane da kasake a kasuwa, ki sayi abu ɗaya, sannan ki tambayi daga ina ake kawo musu. Mai sayarwa ya san garin, sau da yawa ma yana da lambar mai ginin. Sai dai ki lura, da yawa daga manyan tukwanen furannin nan siminti ne aka zuba a mazubi aka yi wa fenti. Ki kifa ki duba gindin. Siminti toka-toka ne, yana da nauyi fiye da kima, in kin ƙwanƙwasa ba ya amo. Gasasshen yumɓu ja ne ko ruwan ƙasa, wani wurin da tabon baƙi inda wuta ta lasa, kuma yana ba da ƙara in an buga shi da ɗan yatsa. Mai siminti ba shi da abin da zai koya miki a wannan fanni.

Intanet ma tana taimakawa, amma da Turanci za ki nema, ki rubuta pottery ko ceramics tare da sunan unguwa a Google Maps da Instagram. Abin da zai fara fito miki galibi ɗakunan shaƙatawa ne na cikin gari, inda ake biyan kuɗi a zauna awa biyu a kan keke, a ɗauki hoto, a tafi. Ba laifi ba ne, hasali ma ina ba da shawarar ki je sau ɗaya don ki ji ko hannunki yana son laka. Amma kada ki ɗauka karatu ne. A hotunan da suke sakawa, ki nemi abu biyu: hoton tanderu, da hoton kayan ɗalibai bayan an gasa su. In shafin cike yake da mutane suna dariya da hannu dumu-dumu, babu ko kofi ɗaya gasasshe mai karkataccen baki irin na ɗan koyo, to akwai yiwuwar ana tattara abin da aka gina ne da yamma a mayar cikin bokiti.

Hanya ta uku ita ce makarantu. Sashen zanen masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya yana da ɓangaren tangaran tun da daɗewa, haka ma Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, kuma kwalejojin ilimi masu sashen zane-zane sukan sami ɗakin yumɓu. Ba sai kin nemi gurbin digiri ba. Wanda za ki nema shi ne ma'aikacin da ke kula da ɗakin aikin da tanderu. Shi ya san tsofaffin ɗaliban da suka buɗe nasu wuri a Abuja, da masu karɓar 'yan koyo ranar Asabar.

To yanzu kin sami wuri biyu ko uku. Yaya za ki zaɓa? Ra'ayina shi ne, kada keke ya ruɗe ki, kada kyan ɗaki ya ruɗe ki. Ki ce a nuna miki inda ake gashi. Yumɓun da ba a gasa ba laka ce kawai, in ruwa ya taɓa shi ya narke, kuma rabin ilimin sana'ar nan a bakin wuta yake. Ki tambayi da me ake gashi, yaushe aka yi na ƙarshe, kuma sau nawa ake yi a wata. Ki leƙa ciki. Tanderun da ke aiki za ki ga allunan jera kaya da ɗigon ruwan ƙyalli a kansu, ki ga toka ko baƙin hayaƙi a bakin ramin wuta. Wanda aka mayar da shi ma'ajiyar buhuna ya ba ki amsa tun kafin mai wurin ya buɗe baki.

Kowane irin tanderu da halinsa. Na lantarki shi ya fi sauƙin sarrafawa, amma yana jan wuta sosai na tsawon awa takwas zuwa sha biyu ba yankewa. In aka ɗauke wuta ana tsaka da gashin ƙyalli, zafin ya faɗi, kayan su fito da fata mai kaushi ko ƙuraje. Don haka wanda ya ce miki da lantarki yake gashi, ki tambaye shi wane janareta ke ɗaukar masa. Na gas shi ne ya fi yawa a hannun masu tangaran na birni. Matsalarsa, in ana jan gas da ƙarfi tukunyar gas ɗin takan yi sanyi har ƙanƙara ta fito mata, ƙarfin wutar ya ragu daidai lokacin da ake buƙatarsa, shi ya sa za ki ga gwanaye sun haɗa tukwane biyu ko uku, ko sun tsoma su a baho da ruwa. Na itace yana ba da launi mai kyau, amma babba ne, yana cin itace da dare guda na mutane, ba a kunna shi sai ya cika. Ma'ana kofinki zai iya jiran wata biyu.

Sai tambaya mafi muhimmanci: da me yake gane zafi ya kai? Amsa mai kyau ita ce na'urar auna zafi da ake soka wa a jikin tanderu, tare da wasu 'yan ƙananan tsinkayen yumɓu masu lamba da ake jerawa a ciki daidai ramin leƙe, waɗanda suke lanƙwashewa in zafi ya kai gwargwadonsu. Mai lamba 06 yana sunkuyawa wajen digiri 1000, mai lamba 6 wajen 1220, mai lamba 10 wajen 1280 zuwa 1300. Ki lura da sifilin nan, 06 da 6 ba ɗaya ba ne, kuma rikita su ya sha narkar da kayan mutane. Tsofaffin gwanaye suna iya karanta zafi daga launin wuta, daga ja zuwa ruwan lemo zuwa fari-fari, sukan kuma zaro ɗan zoben gwaji da ƙarfe su duba. Wannan ma amsa ce karɓaɓɓiya. Wadda ba ta karɓuwa ita ce "muna dai ƙiyastawa da agogo".

Sanin tsawon lokacin da aiki ke ɗauka zai kare ki daga alkawarin ƙarya. Ranar farko kin gina kofi. Bayan kwana ɗaya zuwa uku ya yi tauri kamar fata, ba ya manne wa yatsa amma farce yana shiga, a lokacin ne ake kifa shi a fere gindin a liƙa mariƙi. Daga nan ya sha iska mako ɗaya zuwa biyu har ya bushe ƙarau. Sai gashin farko, wajen digiri 900 zuwa 1000, sannan a bar tanderu a rufe ya huce, aƙalla rabin yini zuwa yini guda. Sai a tsoma shi a ruwan ƙyalli, a sake gashi, a sake jiran hucewa. Ko komai ya tafi daidai, mako uku zuwa huɗu ke nan. Tunda Asabar kawai kike da ita, ga inda gizo ke saƙa: abin da kika gina wannan Asabar, kafin ta gaba ya wuce lokacin fere gindi, musamman da hunturu. Ki tambaya ko suna lulluɓe kayan ɗalibai da leda su ajiye a wuri mai laima. Wurin da ya saba da 'yan koyo yana da kanta ta musamman don wannan, kowane kaya da sunan mai shi a jikin ledar.

Yanayin Abuja kansa malami ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska tana busar da baki da mariƙi kafin gindi, sai mariƙin ya ja ya rabu daga jiki, ko faranti ya kantare. Maganinsa a rufe da leda sako-sako kwana biyu na farko, a kifa kofi a kan bakinsa, a nisanta shi daga taga. A tsakiyar damina kuma, Yuli zuwa Satumba, kaya sukan yi kamar sun bushe alhali cikinsu da danshi. Ki ɗora a kuncinki, in kin ji sanyi to da saura. Irin wannan ne ke fashewa a tanderu, domin ruwan da ke ciki yana zama tururi a digiri 100, in bai sami hanyar fita a hankali ba sai ya tarwatsa kayan har ya ɓata na maƙwabta. Mutane sukan ɗora laifin a kan kumfar iska, amma yawanci danshi ne da kauri. Jikin kofi ya tsaya wajen milimita 5 zuwa 8, duk abin da ya haura santimita 2 a rarake cikinsa. Gwanin gashi yana tafiyar da wuta sannu-sannu har ta wuce digiri 200, yana kuma sassautawa wajen digiri 573, inda yashin da ke cikin yumɓu yake kumbura farat ɗaya. A wannan mataki ne, hawa da sauka, manyan kaya suka fi tsagewa, shi ya sa ba a buɗe ƙofa don ɗoki.

Ki tambayi daga ina suke samun yumɓu, kuma wa ke gyara shi. Jan yumɓun fadama da bakin rafi shi ne na ginin gargajiya. Ana shanya shi, a daka, a jiƙa, a tace da rariya, a cakuɗa da dakakken tsingaro ko yashi mai laushi, kamar kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari gwargwadon girman abin da za a gina, don ya rage ƙanƙancewa ya kuma jure wuta. Na tangaran haɗi ne, ana sa farar ƙasa irin wadda ake haƙowa a Ƙanƙara ta jihar Katsina da Alkaleri ta jihar Bauchi, da yumɓu mai danƙo, da garin dutse. In wuri ya hana ki kawo yumɓunki daga gida, ba rowa ba ce. Jan yumɓu in ya shiga wutar digiri 1280 yakan kumbura ko ya narke ya malale a kan allo, kuma allon tanderu yana da tsada da wuyar samu.

Malamin kirki zai koya miki gwada yumɓu tun makonnin farko. A murza shi kaurin fensir a naɗe a yatsa, in ya kakkarye ba shi da danƙo. A yi ɗan allo a ja layi mai tsawon santimita 10 daidai, a sake aunawa bayan bushewa da bayan gashi. In ya koma 8.8, ya ƙanƙance da kashi 12 cikin ɗari ke nan, kuma da wannan lissafi za ki san girman da za ki gina murfi ko kofi. A ɗiga ruwan tsami na kwalba a kan busasshen gutsure, in ya yi kumfa akwai farar ƙasar dutse a ciki (ba irin ta haɗin tangaran ba), wadda bayan gashi take shan laimar iska ta kumbura ta ɓantare jikin tukunya, wani lokaci bayan makonni, kayan suna hannun mai saye.

Batun ruwan ƙyalli kuwa batun lafiya ne, kada ki ji kunyar tsananta tambaya. Akwai haɗe-haɗen da ake sa dalma a ciki domin tana narkewa a ƙaramin zafi tana ba da sheƙi, kuma abinci mai tsami yana iya jawo ta daga jikin kwano. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ya buƙatar dogon bayani. Ki tambaya kai tsaye ko akwai dalma a haɗinsu. Masu gashi a babban zafi ba sa buƙatarta, da tokar itace da tokar ɓuntun shinkafa da garin dutse da yumɓu suke haɗa nasu. Gwajin gida shi ne ki ɗora yankin lemon tsami a kan kwanon ya kwana. In wurin ya dusashe ko launi ya sauya, kada a ci abinci a ciki. Rashin sauyawar ba shaidar cewa babu dalma ba ne, yana dai tona haɗin da bai gasu ba. Haka kwanon da ƙyallinsa ya yi tsage-tsage sirara kamar yanar gizo, a bar shi ga ado. A ginin gargajiya ba wannan damuwa, domin abin da ake yayyafa wa tukunya tana da zafi makuba ce ta ɓawon ɗorawa, ita ke ba ta duhun nan da ɗan sheƙi.

Ki dubi ƙasan ɗakin ma. Ƙurar busasshen yumɓu tana ɗauke da garin yashi mai laushin gaske wanda ke taruwa a huhu tsawon shekaru. Wurin da ake share shi da tsintsiya a bushe ƙura na tashi, ba su san aikinsu ba ta wannan fuska. Da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa. Tanderu kuma a waje yake zama ko a rumfa mai iska, ba a ɗakin da ɗalibai ke zaune ba.

Shi malami, ki roƙi izinin zama ki kalli darasi ɗaya kafin ki biya. Gwanin gini daban, gwanin koyarwa daban. Akwai wanda da ya ga yumɓunki ya fara rawa sai ya ture hannunki ya gyara da kansa, ki tashi da kyakkyawan kwano wanda ba ke kika yi ba. Na kirki zai ce ki kafa gwiwar hannu a cinya, ki rage ruwa, ki rage gudun keke in kin fara jan jiki sama. Zai fara miki da cuɗa yumɓu, ya ba ki curi na rabin kilo zuwa kilo ɗaya, ya sa ki yi ta gina doguwar gwangwani madaidaiciya, sannan ya yanke ta tsaye da zare ya nuna miki inda gindi ya yi kauri da inda jiki ya sirance. Ɗalibai da yawa ba sa son wannan yankan, amma babu abin da ya kai shi koyarwa. Zai kuma nace ki danne gindin da yatsa sau da yawa ki tsane ruwan da ya kwanta a ciki da soso, domin rashin yin haka ne ke kawo tsagar nan mai lanƙwasa a tsakiyar gindi bayan bushewa. Saita curi a tsakiyar keke shi ne ke korar yawancin mutane, yakan ɗauki zama da yawa kafin hannu ya gane, don haka kada ki yanke wa kanki hukunci a wata na farko. Ki ƙirga kekuna ki ƙirga ɗalibai. In mutum uku ke karɓa-karɓa a keke ɗaya, kashi ɗaya cikin uku na lokacin da kika biya kike samu. In kuma kina cikin masu guje wa sassaƙa siffar abu mai rai, ki faɗa tun farko cewa kayan amfani kike so, domin wasu manhajojin, musamman na makarantu, suna haɗawa da shi.

Wajen kuɗi, kada ki tsaya a jimla. Ki bi ta ɗaya bayan ɗaya: yumɓu yana ciki ko da kilo ake saye, gashi biyu suna ciki ko kowane kaya da kuɗinsa, guda nawa aka yarda ki gasa, wa ke da asara in kaya ya fashe a wuta, kuma in kin rasa Asabar ɗaya ana rama miki. Ki biya na wata ɗaya tukuna, sai kin karɓi gasasshen kayanki na farko a hannu sannan ki yi maganar wata uku.

In ginin hannu kika zaɓa a Ushafa ko Giri, tsarin daban ne, babu takardar shiga babu jadawali. Ki je da safe, ki gaisa, ki sayi kaya, ki nemi shugabar matan ko mai unguwa ya haɗa ki da wadda za ta riƙe ki, a yi maganar abin da za ki riƙa bayarwa a fili gaban shaida. Hausa tana yi miki aiki a yawancin garuruwan nan. Ki sa ran za a fara ki da daka da tankaɗe da cuɗa, kuma ki nemi a sanar da ke ranar da za a yi gashi ko da ba ranar zuwanki ba ce. Aikin ya fi yawa da rani, da damina gona ke ɗauke hannu, itace da ciyawa kuma a jiƙe suke. Wanda ke Jamhuriyar Nijar ya bi wannan hanya a Mirya kusa da Damagaram, ko Bubon a bakin kogi kusa da Yamai.

Ranar zuwa ki yanke farce, ki cire zobe da awarwaro, ki sa tsohuwar riga mai matsattsen hannu, ki soke mayafi ko hijabi ta baya don kada gefensa ya faɗa kan keke yana juyi. Jan yumɓu yana rina farin yadi. In kin ɗauki yumɓu zuwa gida don gwaji, ki wanke hannu da kayan aiki a bokiti, ki bar lakar ta kwanta ki zubar da ruwan sama a waje, domin in ta bi bututun wanke-wanke za ta daskare ta toshe shi. Kuma kada ki sayi keke yanzu. Allon katako, soso, zare, tsohuwar wuƙa, guntun ƙwarya na lailaya da ledar rufi sun ishe ki wata shida na farko, muddin kin daidaita da mai tanderun da zai riƙa karɓar kayanki, kuma da yumɓunsa kike gini.